Darasi: Yadda hasken lesa ke mayar da roba, katako da auduga su zama hanyar lantarki mai lanƙwasuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko a shagunan gyara na Funtua, ya ga wani siririn salatif mai launin ruwan zuma da ake mannawa a kan allon waya kafin a hura masa zafin bulowa. Sunansa Kapton, kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1960, kuma an yi shi ne da wata irin roba mai suna foliyimaid. Da irin robar ne ake yin fileks, wato lallausan igiyar da ke haɗa gilashin waya da allonta. Abin da ya sa ake sonta shi ne ba ta narkewa da wuri, kuma lantarki ba ya ratsa ta ko kaɗan.

To, idan aka haska wa wannan robar hasken lesa daidai gwargwado, wurin da hasken ya bi sai ya koma baƙi ƙirin, kuma baƙin nan lantarki na bin sa. Ba a zuba tawada ba, ba a liƙa waya ba, robar ce da kanta ta rikiɗe. Masana suna kiran baƙin da suna girafin ɗin lesa, a taƙaice LIG. A darasinmu na yau za mu ga yadda hakan ke faruwa, da lissafin da ake yi kafin a yi amfani da shi, da kuma dalilin da ya sa zancen ya shafi ƙasar auduga irin Daudawa.

Gawayi, bakin fensir da girafin

Sai mun fara daga kabon, domin wanda bai gane shi ba zai ɗauka siddabaru ake yi. Gawayin da ake gasa masara da shi kabon ne. Baƙin da ke cikin fensir, wanda ake kira girafait, shi ma kabon ne. Lu'ulu'un daimon kabon ne tsantsa. Abu ɗaya ne, zaman ƙwayoyinsa ne ya bambanta. Kowace ƙwayar zarra ta kabon tana da hannuwa huɗu da take kama maƙwabtanta da su. A cikin daimon duk huɗun a riƙe suke gam, babu ilektiron ko ɗaya da ya samu sararin yawo, shi ya sa lantarki ba ya bin daimon. A cikin girafait kuwa kowace ƙwaya maƙwabta uku take riƙewa, su jeru cikin zobba masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, hannu na huɗu ya zauna sake. Waɗannan sakakkun ilektiron ɗin su ne ke ɗaukar lantarki. Wanda ya taɓa fasa tsohon batirin tocila ya ga baƙar sandar da ke tsakiyarsa, ita ma kabon ce, kuma aikinta ke nan. Girafait ɗin ma ba baƙonmu ba ne, akwai ma'adininsa a ƙasar Birnin Gwari, maƙwabciyar Sabuwa.

Girafait shimfiɗa ce a kan shimfiɗa, kamar an jibge takardu. Idan aka ɓare shimfiɗa ɗaya tak, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, ita ce girafin. Sirantarta ta kai a ce girafait mai kaurin milimita 1 yana ɗauke da shimfiɗa wajen miliyan 3. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓare ta a Jami'ar Manchester ta Ingila a 2004, da salatif kawai suka yi ta ɗaye girafait har suka kai ga shimfiɗa ɗaya, aka ba su kyautar Nobel a 2010. Daga nan duniya ta ɗauki ɗumi, amma sai aka ci karo da matsalar da ta saba kashe sababbin abubuwa: yin girafin mai kyau da yawa yana buƙatar tanderu mai tsananin zafi da iskar gas ta musamman da sinadarai, sannan a ɗauke shi a ɗora inda ake so ba tare da ya yage ba.

Gawayin murhu fa? Shi a tsakiya yake. An yi shi a zafin da bai wuce digiri 400 zuwa 500 ba, ƙwayoyinsa a hargitse suke, ga ragowar haidirojin da oksijin maƙale a jiki. Idan ka ɗora masa mita da ƙyar za ka ga motsi. Sai zafi ya haura digiri 700 zuwa 800 kafin gawayi ya fara ɗaukar lantarki sosai, kuma sai an doshi 2,500 zuwa 3,000 kafin ya jeru ya zama girafait. A riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin darasin: baƙi kawai ba ya wadatarwa, sai zafin ya kai inda zai jera ƙwayoyin.

Abin da lesa ke yi

A 2012 wani ɗalibi ɗan ƙasar Masar, Maher El-Kady, da malaminsa Richard Kaner a Jami'ar California ta Los Angeles, suka shafa sinadarin girafait mai oksijin a kan faifan DVD, suka saka a na'urar kwamfuta mai zana hoto a bayan faifai. Ɗan ƙaramin lesan da ke cikin na'urar ya kore oksijin ɗin, ya bar girafin. Abin ya ƙayatar, sai dai dole a fara haɗa sinadarin tukuna, kuma haɗa shi aiki ne na asid masu haɗari.

A watan Disamba 2014 ne ɗakin binciken Farfesa James Tour na Jami'ar Rice da ke Houston ya buga sakamakon da ya sauƙaƙa lamarin, a mujallar Nature Communications, Jian Lin ne kan gaba a marubutan. Sun ɗauki fallen foliyimaid na kasuwa, suka saka a injin lesa irin na CO2, wato irin wanda masu yin allon sanarwa da kambun karramawa ke yanka roba da zana suna da shi, suka haska a cikin iskar ɗaki, babu tanderu babu sinadari. Abin da ya fito shi ne kumfar girafin.

Ga yadda abin ke gudana. Lesan CO2 yana fitar da haske da ido ba ya gani, mai tsawon zango maikiromita 10.6. Gilashin injin yana tattara shi a ɗigon da faɗinsa bai fi na gashin kai ɗaya ko biyu ba, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda, sai dai wannan ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. A ɗigon nan zafi yana haura digiri 2,500 cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Don a kwatanta, baƙin ƙarfe yana narkewa ne a digiri 1,538, zafin da maƙerin gargajiya da zugazuginsa ba ya kaiwa cikin sauƙi. A irin wannan zafi, oksijin da naitirojin da haidirojin da ke jikin robar suna tsinkewa su fice a matsayin iska. Kabon kuwa ba ya narkewa, sai ya tsaya ya sake jeruwa cikin zobba. Iskar da ke ficewa da ƙarfi ita ce ke huda shi, ta bar shi kamar soso ko cikin burodi.

Mai karatu zai tambaya, me ya hana robar kamawa da wuta ta zama toka? Sauri ne. Kafin iskar ɗaki ta samu shiga ta ci kabon ɗin, hasken ya riga ya wuce gaba, wurin ya huce, ga kuma iskar da ke fita tana tunkuɗe ta. Saman fallen kawai ke rikiɗewa, kaurin wajen maikiromita 25 a gwajin farko, ƙasan yana nan a robarsa yana riƙe da baƙin. Shi ya sa ake iya lanƙwasa abin, a naɗe shi a yatsa, layin bai tsinke ba.

Gaskiyar magana, LIG ba shi ne tsantsar girafin ɗin Manchester ba. Tarin gutsattsarin shimfiɗu ne a cukurkuɗe, wasu zobban ma kusurwa biyar ko bakwai gare su maimakon shida. Wasu masanan suna ganin kiran sa girafin ma akwai ƙarin gishiri, kuma ina ganin suna da hujja. Amma cukurkuɗewar ce ta ba shi amfani: giram 1 nasa yana da faɗin fuska wajen murabba'in mita 340 idan aka haɗa duk ramukan, fili ne da ya isa a gina ɗan madaidaicin gida. Duk abin da aikinsa ya dogara ga taɓa ruwa ko iska ko gumi, wannan faɗin ne jarinsa.

Me ya sa ledar fiya wata ba ta yi

Masu binciken Rice sun gwada robobi iri-iri a karon farko, biyu kawai suka ba da girafin, foliyimaid da wata 'yar uwarta. Idan ka haska wa ledar fiya wata lesa, narkewa za ta yi ta tsiyaye ko ta tashi hayaƙi, domin kabon ɗinta a jere yake kamar zare, yana tsinkewa ya gudu. Foliyimaid kuwa tun asali cike take da zobba masu kusurwa shida, kamar a ce an riga an buga tubalin, lesa gini kawai yake yi.

Wannan ne ya kai su ga itace. Jikin tsiro yana da manyan abubuwa biyu da suka shafe mu: selulos, wato zaren, da liginin, wato ƙaron da ke ɗaure zaren ya sa kara ya tsaya ƙyam. Liginin cike yake da zobban da ake nema. A 2017 ɗakin binciken Tour ya yi LIG a kan katakon fain, amma sai da aka rufe shi a akwatin da aka cire wa oksijin don kada ya kama da wuta. A 2018 kuma, Yieu Chyan da Ruquan Ye da abokansu suka buga wata dabara a mujallar ACS Nano wadda ta kawar da akwatin. Maimakon haskawa sau ɗaya da ƙarfi, sai a bi wurin sau da yawa da sauƙi. Bi na farko yana mayar da fuskar gawayi. Gawayi kuwa yana shan hasken lesan CO2 sosai, don haka bi na biyu da na uku suna ɗaga zafinsa har ya jeru. Suka kuma gano cewa idan aka ɗan kauce daga daidai inda hasken ke tattaruwa, ɗigon yana faɗaɗa, kowane wuri ya sha haske sau da yawa a tafiya ɗaya. Da wannan suka zana girafin a kan ɓawon kwakwa, dankalin Turawa, kwali, takarda, yadi, har da gasasshen burodi. Jaridu sun fi ɗaukar labarin burodin, amma yadin da kwalin su ne masu amfani.

Inda Daudawa ta shigo

Daudawa, a ƙaramar hukumar Faskari, tsohuwar cibiyar auduga ce. A shekarun 1920 Turawan mulki suka kafa gonar renon irin auduga a can, daga nan ake yaɗa iri zuwa manoma. Injin gurza na kamfanin BCGA yana Funtua, jirgin ƙasan da ya bi ta Funtua zuwa Gusau da Ƙaura Namoda yana kwasar dilolin zuwa teku, a kai masaƙun Lancashire da ke kewayen Manchester. Birnin da ya sha audugarmu shi ne birnin da aka ɓare girafin, abin dariya abin takaici. Har yau irin SAMCOT na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sananne ne a gonakin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, duk da masaƙun Kaduna da Kano sun durƙushe kuma rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa.

Dangantakar auduga da lantarki ma tsohuwa ce. A watan Oktoba 1879, zaren ɗinki na auduga Thomas Edison ya gasa ya zama kabon, ya saka a ƙwan fitila, ya yi haske fiye da awa 13. Abin da lesa ya ƙara shi ne iya zana kabon ɗin a daidai inda ake so, da siffar da ake so, sauran yadin ya zauna yadda yake.

Sai dai a nan akwai abin lura da ɗalibi zai iya tuntuɓe a kansa. Farar audugar da ake kaiwa kasuwa kusan kashi 90 cikin 100 selulos ce, liginin ɗinta bai taka kara ya karya ba. Selulos idan ya ji zafi tarwatsewa yake yi ya zama hayaƙi da kwalta, abin da ke saura kaɗan ne. Saboda haka idan aka saka farin ƙyalle a injin lesa haka kawai, huda za a samu. Dole a fara jiƙa shi da maganin hana kama wuta, irin sinadaran boron ko na fosfet, waɗanda ke tilasta wa selulos ya zama gawayi maimakon hayaƙi, sannan a bi shi da lesa a hankali. Karan audugar kuwa, wanda ake tarawa a yi girki ko a ƙone bayan girbi kamar yadda malaman gona suka daɗe suna umarta don kashe tsutsar auduga, shi ne mai liginin, wajen kashi 20 cikin 100. Ta fuskar wannan fasaha, abin da ake ƙonewa ya fi abin da ake sayarwa dacewa. Haka ɓawon gyaɗa, shi ma liginin ɗinsa da yawa. Matsalarsu ita ce ba su da shimfiɗaɗɗiyar fuska, sai an niƙa an matse sun zama falle kamar kwali kafin a yi zane a kansu.

Lissafin murabba'i

Yanzu sai a ɗauko biro. Siraran abubuwa irin LIG ana auna turjiyarsu ga lantarki ne da om a kowane murabba'i. Abin mamakin wannan ma'auni shi ne girman murabba'in bai dame shi ba. Murabba'i mai milimita 1 a kowane gefe da mai santimita 10 a kowane gefe turjiyarsu ɗaya, muddin kaurin ɗaya ne, domin ƙarin tsawo yana ƙara turjiya, ƙarin faɗi yana rage ta, sai su cinye juna. Abin da kake buƙata kawai shi ne ka ƙirga murabba'i nawa ne a jere a layinka: ka raba tsawo da faɗi.

LIG na foliyimaid a gwajin 2014 ya ba da tsakanin om 15 da 35 a murabba'i. Mu ɗauki 30. Ka zana layi mai tsawon milimita 30 da faɗin milimita 2. Murabba'i 15 ke nan, turjiyarsa 15 sau 30, wato om 450. Ka haɗa shi da jan ƙwan LED da cajar waya mai bolt 5. Ƙwan yana cin wajen bolt 2, saura 3. Raba 3 da 450, ka samu kusan miliamfiya 6.7. Ƙwan zai kama lafiya, kuma layin da kansa ya tsaya a matsayin resista, ba sai ka sa wata ba. Idan kana son ƙarin haske, ka faɗaɗa layin zuwa milimita 4, murabba'i su koma 7 da rabi, turjiya ta koma 225.

To kwatanta da kofa, wato jan ƙarfen da ke kan allon lantarki na yau da kullum, mai kaurin maikiromita 35. Turjiyarsa wajen om 0.0005 ce a murabba'i. LIG ya fi shi turjiya sau 60,000. Duk wanda ya ce maka girafin ɗin lesa zai maye gurbin wayar kofa a caja ko sola ko inbata, bai yi wannan lissafin ba. Idan ka tura masa lantarki mai yawa zafi zai yi. Murabba'i ɗaya mai om 30 a kan bolt 5 yana fitar da wat 0.83 na zafi, 5 sau 5 a raba da 30. Wannan aibi ne ga waya, amma ga mai son siririn abin ɗumama da za a ɗinka a riga ko a shimfiɗa a akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, shi ne abin nema.

Inda ya fi ƙarfi

Sensa ita ce gidan LIG. Da yake soso ne na gutsattsari masu taɓa juna, idan aka lanƙwasa shi ko aka ja, wasu gutsattsarin suna rabuwa, turjiya ta hau. A sake shi, ta sauko. A 2017 masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta Beijing suka manna fallen LIG a maƙogwaron mutum, yana jin girgizar murya, kuma shi ɗin dai yana iya fitar da sauti idan aka tura masa lantarki mai kaɗawa, da nufin taimakon waɗanda suka rasa magana. A ƙarshen 2019 ɗakin binciken Wei Gao na Caltech ya fitar da wani falle da ake mannawa a fata, yana auna sinadarin yurik asid a cikin gumi, wanda yawansa ke da alaƙa da ciwon gaɓɓan nan na gawut. Ana kuma zana ƙananan ma'ajiyar caji da ake kira sufa-kafasita, masu siffar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Suna caji da sauri, amma abin da suke riƙewa kaɗan ne, ba su kama ƙafar batirin waya ba.

Wanda ya fi shafar manomin Daudawa shi ne aikin Jami'ar Jihar Iowa, ita ma ƙasar masara ce. A 2018 Jonathan Claussen da Carmen Gomes da ɗalibansu suka buga bincike kan sensar LIG mai auna naitirojin a ƙasar gona, wato amoniyam da naitiret, abincin da buhun yuriya ke ba shuka. Sun zana LIG a kan foliyimaid, suka shafa masa wata 'yar fata ta roba mai barin sinadari ɗaya tak ya yi tasiri, sai ƙarfin lantarkin da ke fitowa ya nuna yawan sinadarin. Duk manomin masara ya san ciwon: ka zuba taki da tsadarsa, a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kwana biyu, ba ka san nawa ya saura nawa ya bi ruwa ba, sai ganye ya fara rawaya, lokacin kuwa an makara. Naitiret ba ya kama ƙasa, ruwa na wanke shi. Awon ƙasa a ɗakin gwaji yana nufin ɗiban samfur a kai birni a jira. Tsinken da za a soka a jiƙaƙƙiyar ƙasa a karanta a waya zai canza yadda ake yanke shawarar zubi na biyu.

Amma kada a yi saurin murna. LIG shi kaɗai bai san naitiret daga gishiri ba, fatar da aka shafa ce ke tantancewa, ita kuwa sinadaranta daga waje ake sayo su da dala. Sensar tana buƙatar a riƙa daidaita ta da ruwan da aka san ƙarfinsa, kuma karatunta yana gocewa da daɗewa. Baƙin yana goguwa idan aka kankare shi da farce, shi ya sa ake zuba masa robar silikon a ɗaye shi tare. Dalma ba ta kama shi, sai da man azurfa ko matsi ake haɗa shi da waya, kuma yawancin matsalar masu farawa daga mahaɗar nan take. Wanda aka yi a kan takarda ko katako kuma yana shan laima ya kumbura da damina, ya bushe ya tsage da hunturu, turjiyarsa tana bin yanayi. Amfaninsa ɗaya da ba a musu shi ne idan ya gama aiki ruɓewa zai yi, ba zai ƙara tarin sharar lantarki ba.

Gwaji na farko, ba lesa

Ɗalibin sakandare a Ƙanƙara ko Sabuwa zai iya ganin rabin darasin nan da fensir. A samo fensir mai laushi, 2B ko 6B, da takarda, da mita irin ta masu gyaran rediyo. A zana layi mai tsawon santimita 5 da faɗin rabin santimita, a cike shi sosai har ya yi ƙyalli. A juya mita zuwa awon om, a ɗora tsinkayenta a bakin layin biyu. Za a ga dubban om, wani lokaci dubbai ɗari, gwargwadon yadda aka danna. A matso da tsinke ɗaya zuwa tsakiya, adadin zai ragu zuwa kusan rabi, lissafin murabba'i ke nan a aikace. Sannan a lanƙwasa takardar, zanen yana waje: adadin zai hau. A lanƙwasa zanen yana ciki: zai sauka. An yi sensar lanƙwasa ke nan da kuɗin da bai kai na kati ba. Fifikon LIG a kan wannan shi ne turjiyarsa ta fi ƙasa sosai, kuma kwamfuta ce ke zana shi, ana iya maimaita siffa ɗaya sau ɗari.

Gwaji na biyu, da lesa

Wannan na ɗaliban jami'a da foliteknik ne, ko wanda ke da hanya da mai injin zana kambu. Kafin komai, a kiyaye abu uku. Kada a taɓa saka robar PVC a injin lesa, irin ta fayif da ledar tsakar ɗaki da wasu salatif na masu wayarin, domin tana fitar da iska mai kilorin da ke ƙona huhu ta kuma cinye ƙarfen injin. Hayaƙin foliyimaid ma guba ne, dole fankar zuƙe hayaƙi ta kasance tana aiki, bututunta a waje. Kuma murfin injin a rufe, mutum na tsaye da abin kashe wuta, musamman in ƙyalle ko kwali ake gwadawa. Ƙananan injinan lesa masu shuɗin haske su ma suna yin LIG a kan foliyimaid, amma yawancinsu a buɗe suke, haskensu kuma yana makantarwa ko da daga bango ya dawo, ba a kusantarsu sai da tabaran da aka yi don su.

A manna salatif ɗin Kapton a kan tayil ko gilashi, a shafe kumfar iska. A kula, akwai jabu a kasuwa, roba ce ta daban aka rina, alamarta ita ce tana narkewa ta tattare da an taɓa ta da ayan mai zafi. Salatif siriri ne, saurin hudewa gare shi, idan an samu falle mai kaurin maikiromita 125 ya fi. A zana ƙananan murabba'ai a jere a kwamfuta, kowane layi da ƙarfinsa, kowane ginshiƙi da gudunsa, a sa injin a tsarin zane ba na yanka ba. A fara daga ƙasa sosai, domin a gwajin 2014 wat 2.4 zuwa 5.4 kawai aka yi amfani da su, alhali injinan kasuwa masu wat 40 zuwa sama ne. Murabba'in da ya fito ruwan ƙasa mai ƙyalli bai nuna ba, mita ba za ta motsa ba. Wanda ya huje ko ya yi fari-fari yana zubar da gari ya wuce. Wanda ake nema baƙi ne marar ƙyalli, kamar karan-miski. A auna kowanne a rubuta.

Mita za ta gaya maka lantarki na bi, amma ba za ta gaya maka girafin ne ko gawayi mai kyau ba. Wannan aikin na'urar Raman ce, wadda ke nuna tsauni uku a wajen 1,350 da 1,580 da 2,700. Na ukun shi ne shaidar, idan babu shi gawayi ka yi, kuma kada a rubuta girafin a kundin digiri.

Wanda zai gwada karan auduga, ya busar da shi, ya niƙa, ya tankaɗe, ya matse shi falle da ɗan ƙaro, ya shafa maganin hana kama wuta a rabin samfuran ya bar rabi. Ya bi kowanne sau ɗaya, sau biyu, sau uku, yana aunawa bayan kowane bi. Ya ajiye samfuran ya sake auna su a watan Agusta da kuma Janairu, ya rubuta irin audugar da gonar da aka samo karan.